Tsohon Babur a Zaure: Yadda Ake Tayar da Shi a Gida

(Taken shiri)

   

Yau maganarmu a kan tsohon babur take. Gidaje da yawa a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram, za ka tarar da wani babur jingine a zaure ko a bayan ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon buhu, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe shi. In ka tambaya sai a ce na Baba ne, ko na Kawu, ai ya mutu. Haka zai zauna har ranar da ɗan gwangwan zai biyo ta layin, a ɗora shi a sikeli a sayar da shi a farashin ƙarfe. To, ina so in shaida muku cewa yawancin waɗannan babura da sauran ransu. Abin da ke ƙarasa su shi ne gaggawar ranar farko, ranar da wani zai zuba fetur ya hau buga kik da ƙarfi. Wanda ya bi aikin daki-daki, abin da ya kamata ya zo farko ya zo farko, zai iya tayar da babur ɗin a tsakar gidansa, da hannunsa.

Domin kada maganar ta watse, zan ɗauki babur guda in yi misali da shi, wato Honda Super Cub, mai farar garkuwar roba a gaban ƙafafu, samfurin C50 da C70. A ƙasar Japan aka fara sayar da Super Cub, a shekarar 1958. Mutum biyu ne ginshiƙan kamfanin a lokacin, Soichiro Honda mai ƙira da Takeo Fujisawa mai harkar kasuwa, kuma burinsu shi ne babur ɗin da kowa zai iya hawa, har yaron da ke kai wa mutane taliya yana riƙe da tire a hannu guda. Shi ya sa ba shi da hannun kuloci, da ƙafa kawai ake sa giya. Shi ya sa kuma aka rufe sarƙarsa cikin gida don kada ƙura da laka su cinye ta. A shekarar 2017 kamfanin ya sanar cewa ya ƙera Super Cub miliyan 100, kuma babu wani abin hawa mai inji da aka taɓa ƙerawa da yawa haka.

Manyanmu za su tuna yadda babura suka cika garuruwanmu bayan kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka ƙara wa ma'aikata albashi har da ariyas. Malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti suka sayi Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. A 1979 kuma aka kafa kamfanin Honda na Nijeriya, mai masana'anta a Ota ta jihar Ogun. Baburan wancan zamani an yi su ne don a riƙa kwancewa ana gyarawa, babu wata kwamfuta a cikinsu, kuma duk abin da ya lalace ido zai gan shi, hannu zai taɓa shi.

Kafin ka taɓa noti ko ɗaya, mai sauraro, akwai maganar da ta fi sifana muhimmanci. Babur ɗin na wane ne? In mai shi yana raye, nemi izininsa, ka kuma zauna ka tambaye shi abin da ya sa ya jingine shi, domin amsarsa za ta rage maka rabin wahala. In kuwa ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa, to babur ɗin dukiyar gado ce, ko da tsatsa ta cinye shi. A zauna da magada a yi masa kuɗi, a san wanda ya faɗa wa, kafin ka zuba dukiyarka a ciki. Abin da ba wanda ya kula da shi yana jingine, kowa zai tuna da haƙƙinsa ranar da ya fito yana ƙyalli. Sannan a nemo takardunsa, a gwada lambar da ke jikin firam da ta jikin inji da abin da ke rubuce. In saye za ka yi, kada ka karɓi babur ɗin da aka kankare wa lamba, komai arharsa. Kai ma in ka zo goge tsatsa, kada samfefa ta taɓa wurin nan.

Sai wurin aiki. A samu inuwa mai iska, nesa da murhu da risho da janareta. A shimfiɗa kwali ko tsohuwar leda mai kauri, saboda ƙaramin sifirin in ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan. Kananzir ake wanke ƙarfe da shi, domin tururin fetur yana bin ƙasa ya je ya tarar da wuta a inda ba ka zata ba. Ina kuma roƙon iyaye, don Allah kada a zuba kananzir ko fetur ko ruwan batir a robar ruwa ko kwalbar lemo a ajiye inda yara ke wasa. Yaro mai jin ƙishi ba ya tsayawa shinshinawa.

Kayan aikin ba su da yawa. Sifana mai lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17 za su kwance maka kusan duk abin da ke jikin Honda. Ƙara da sifanar fulogi, da filaya, da burushin ƙarfe, da fila-geji na awon tazara, da sukundireban nan da ake buga wa guduma. Wannan na ƙarshe kada ka raina shi. Kan sukurorin Japan ya ɗan bambanta da na sukundireban da muka saba saye, ga shi sun shekara da shekaru a cije, in ka matsa da hannu kawai sai bakin ya gwigwiye, aikin minti biyar ya koma na wuni guda. Wayarka ma kayan aiki ce: ɗauki hoton kowane sashe kafin ka kwance shi, da yadda kebul ya bi, da launin wayoyin da suka haɗu. Sukurorin murfin inji kuwa tsawonsu ba ɗaya ba ne. Zana siffar murfin a jikin kwali, duk wanda ka cire ka soka shi a gurbinsa. In ka mayar da dogo a ramin gajere ka ɗaure, kana iya fasa gidan injin.

Yanzu mu zo ga doka ta farko: kada ka buga kik. Injin da ya shekara goma a ajiye, man da ke jikin silinda ya daɗe da tsiyayewa, wataƙila ma tsatsa ta kama zobban fistin. Majinyacin da ya daɗe a kwance ba a tashinsa da tuwo, da kunu ake farawa. Ka wanke babur ɗin tukuna, ka goge kewayen fulogi don kada ƙasa ta faɗa ciki, sannan ka cire shi, ka ɗiga baƙin mai kimanin cokali guda a ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka tabbatar giya tana firi, ka danna kik ɗin da hannu, a hankali. In ka ji yana juyawa sumul, alhamdu lillahi, ka tsallake babban siraɗi. In ya cije, kada ka hau kansa da ƙafa. Zuba masa man gas ko man kwance tsatsa, ka ba shi kwanaki kana gwadawa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙarfi a wannan gaɓar zobba yake karyawa, ya karce silinda, wani lokaci har ya lanƙwasa sandar fistin.

Kafin mai ya gama jiƙa shi, buɗe gidan filtar iska ka leƙa, ka kuma leƙa bakin salansa. A nan ɓera ke tara tsumma da ɓawon gyaɗa, a nan zanzaro ke gina ɗakinsa na laka. Tsohon soson filta yakan ruɓe, kana taɓa shi ya zama gari, in kuma aka tayar da inji a haka duk cikin silinda zai zuƙe shi. A ƙasar da ake hunturu irin tamu, filta mai kyau ita ce tsawon ran inji.

Daga nan sai tsohon baƙin mai. Kwance notin ƙarƙashin inji da sifana 17, ka tara a faranti, ka kai shi rana ka duba da kyau. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, wani abu na cin ɗan'uwansa a ciki. Ga kuma wani wuri da mutane da yawa ba su san da shi ba. Wannan inji ba shi da filtar mai irin ta mota. In ka cire murfin dama, za ka ga 'yar rariyar waya a ƙasa, sannan a tsakiyar kuloci akwai wani ƙaramin murfi. A bayansa, juyawar inji ce ke wurga dattin mai ya manne a gefe. Buɗe shi za ka tarar da baƙin datti ya daskare, sai ka kankare shi da tsinke ka share da tsumma, ka sa sabon gasket ka rufe. Man da injin ke ci bai kai lita 1 ba, kuma in za ka auna, ɗora gejin kawai za ka yi a bakin ramin ba tare da ka murɗa shi ba. Ka nemi man babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa, domin kulocin cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuwa santsinsu kan sa shi zamewa. Tsohon man kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya, a juye a jarka a kai wa masu karɓa.

Jama'a, bari mu ɗan numfasa, yanzu za mu dawo.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga wanda bai jima da kama mu ba, muna bayani ne a kan yadda ake tayar da tsohon babur a gida. Abu uku inji ke buƙata kafin ya tashi: mai da iska a gauraye, wuta a kan lokaci, da matsi a cikin silinda. Ɗaya bayan ɗaya za mu bi su.

Na farko, mai. Tankin Super Cub a ƙarƙashin kujera yake. Buɗe ka haska da tocila, ban da ashana, ban da laita. Fetur ɗin da ya daɗe yakan yi wari mai tsami, ya zama danƙo ja a gindin tanki, in kuma damina ta bar raɓa a ciki sai tsatsa ta biyo baya. Cire tankin, ka juye abin da ke ciki, ka zuba noti kamar cikin hannu guda da ɗan kananzir, ka toshe ka yi ta girgizawa har ɓawon tsatsar ya saki. Ƙirga notin kafin ka zuba, ka ƙirga bayan ka juye. Sai ka wanke da ruwan sabulu, ka cika shi da ruwan khal, wato binega, ya kwana ɗaya ko biyu. Tsamin zai cinye tsatsar. Ka ɗauraye da ruwa, ka bi da ruwan kanwa domin ya kashe ragowar tsamin, ka shanya a rana ya bushe ƙarau nan take, domin ƙarfen da aka wanke ba ya jimawa yake sake yin ja. In ka tarar tankin ya huje, ina gargaɗinka da babbar murya, kada ka kusanto da wutar walda. Tankin da ake gani babu komai a ciki tururin fetur na nan, kuma tururin ne ke fashewa. A kai wa wanda aikinsa ke nan, ko a nemi wani tankin. A canja tiyon mai, a sa masa 'yar filta a hanya.

Sai kafireta, inda aikin ke son natsuwa. Shimfiɗa farin tsumma, ka kwance kofin ƙasa. A ciki za ka ga fulot, da allurarsa mai tare mai, da jet guda biyu na farin tagulla, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ne na silo, raminsa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, kuma shi ya fi toshewa. In babur yana tashi da cok amma ana sakin cok ɗin ya mutu, yawanci laifinsa ne. Jiƙa su a man wanke kafireta, ka hura da famfon keke, ka ɗaga kowanne sama ka leƙa har sai ka ga hasken rana zagaye tas ta cikinsa. Kada ka zura allura ko wayar ƙarfe, domin tagulla tana da laushi, ramin yana ƙara faɗi ko yaya babur ya koma mashayin mai. Sukurun iska kuwa, kafin ka cire shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa, ka rubuta, don ka mayar da shi yadda ka same shi. Girgiza fulot ɗin kusa da kunnenka. In ka ji motsin ruwa a ciki ya huje, kuma shi ke sa kafireta ambaliya.

Na biyu, wuta. Tsofaffin C50 da C70 masu bolt 6 daga maganeto suke samun wutar fulogi, don haka ko babu batir za su tashi. Sayi sabon fulogi, irin NGK C7HSA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Sa shi a hularsa, ka jingina jikinsa da ƙarfen inji nesa da fetur, ka danna kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake nema. In babu, cire murfin hagu, ka leƙa ta tagar maganeto, za ka hango kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa. Zaman banza kan sa fuskarsu ta yi datti. Goga su da samfefa mai laushi, sannan ka ja farar takarda a tsakaninsu har ta fito fes. In sun buɗe iyakar buɗewa, tazarar ta zama milimita 0.3 zuwa 0.4, kuma su fara rabuwa daidai lokacin da alamar F ta jikin maganeto ta zo saitin tsagar da ke jikin inji. In aiki ya kai ga cire maganeton, akwai abin jansa na musamman mai zaren hagu, a aro ko a saya. Guduma a nan ɓarna ce.

Na uku, matsi. Toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya danna kik. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, da dama-dama. Sai ka gyara tazarar bawul, injin yana sanyi. Juya maganeto har alamar T ta zo saiti a lokacin da bawul biyun suke rufe, ka kwance murafun tafet, ka zura geji mai milimita 0.05. Ya shiga yana ɗan ja, ba a sake ba, ba a matse ba. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa sosai, ƙarshenta ƙonewa yake yi.

To, yanzu ne lokacin kik ya yi. Fito da babur fili, domin hayaƙin inji yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen ɗaki. Zuba sabon fetur, buɗe makunnin mai, duba ko yana yoyo, ja cok, ka yi bisimilla ka buga. In ya kama, kada ka murɗa totur don maƙwabta su ji. Bar shi a silo, mai ya zagaya ya hau kan inji, kai kuma ka kasa kunne. Hayaƙin mintunan farko man da ka ɗiga ne ke ƙonewa. In shuɗin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, to zobba ko bawul suna neman aiki. Bayan 'yan kwanaki fulogi zai ba ka labari: ruwan ƙasa lafiya lau, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat kuwa mai ya yi kaɗan kuma injin na cikin haɗarin zafi.

Za mu sake ɗan dakatawa, kada a je ko'ina.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, wannan kashi na ƙarshe shi na fi so a riƙe, domin a nan rai yake. Ranar da inji ya tashi, zuciya za ta ce hau ka zaga gari. Kada ka biye mata. Babur ɗin da ke tafiya amma ba ya tsayawa ya fi wanda ke jingine haɗari.

Cire wili biyun ka buɗe birki. Takalman birki fata ce aka manna a jikin ƙarfe, in sun tsufa gam ɗin kan saki, fatar ta ɓalle ana cikin tafiya ta cije wili. Ko da ka ga da sauran kauri, canja su. Ƙurar da ke ciki kada ka hura ta da baki, domin tsofaffin takalman birki da yawa da asbestos aka yi su, mai illa ga huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake sharewa. Kebul ɗin birki da na totur, in ka ga ko zare ɗaya ya tsinke, a sa sabo. Taya kuma shekaru ke kashe ta ko ba a hau ba. Duba gefenta za ka ga lamba huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2312, an yi ta a mako na 23 na 2012. In lamba uku ce, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta. Tayar da ta tsattsage ko ta ƙandare ba ta riƙe kwalta, a canja ta da tif ɗinta. Ka bi wayoyin wili kana ƙwanƙwasawa da sifana, wadda ta yi ƙara daban ta saki. Ka girgiza wili gefe da gefe don jin lafiyar boris, ka juya kan babur hagu da dama ka ji ko yana sarƙewa. Buɗe gidan sarƙa, in haƙoran da take hawa sun yi tsini sun karkata, a canja su tare da ita gaba ɗaya, a bar mata sassauci na milimita 10 zuwa 20.

A ɓangaren fitilu, bi wayoyi ka ga inda ɓera ya ci, ka goge duk mahaɗar da ta yi kore, musamman inda waya ke kama jikin firam. Babur mai bolt 6 batir mai bolt 6 ake sa masa. Kada kuma a yi ta hawansa babu batir, domin batir ɗin ne ke shanye rarar wuta, in babu shi ƙwayayen fitila za su yi ta ƙonewa.

Kayan gyara fa? Sa'ar da aka yi ita ce, an kwaikwayi wannan inji ƙwarai, ƙananan babura da yawa na yau a kan tsarinsa aka gina su, don haka gasket da zobba da kebul ba sa wuyar samu. Amma kama da wane ba ta wane, tafi da tsohon a hannunka ka gwada. Abubuwan jiki na asali kuwa, irin su murfin gefe da gidan fitila, sai an tona a kasuwannin tsofaffin kaya, kamar Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna, da Katako a Yamai. Kada ka yar da kayan asali don ka samu sabo mai arha. Tsohuwar kafiretar Keihin da aka wanke da kyau takan fi sabuwar jabu aiki.

Ka kuma san iyakarka. Faɗaɗa silinda, wanda ake yi mataki-mataki daga milimita 0.25 tare da fistin daidai da shi, da gyaran karanshaf, da miƙe firam, da ɗaure wili ya daidaita, duk aikin masu injuna ne da ƙwarewa. A kusan kowane gari akwai dattijon bakanike da ya yi ƙuruciyarsa a kan waɗannan injuna. Je ka gaishe shi, ka ce Baba ga abin da nake ji, ka biya shi haƙƙinsa. Kunnensa kaɗai zai gaya maka abin da za ka yi mako kana nema. In an yi wa injin sabon fistin, a lallaɓa shi a kilomita 500 na farko, a kuma canja mai da wuri.

Masu Vespa da tsofaffin Suzuki da Yamaha masu hayaƙi, tsarin aikinku ɗaya ne, sai dai injinku yana ƙona mai tare da fetur. In mai famfo ne, a tabbatar famfon na turawa kafin a hau. In na gaurayawa ne, a bi ma'aunin da kamfani ya faɗa. Robobin da ke toshe gefen karanshaf kuma sukan bushe su riƙa shan iska, a sa a duba su.

Fenti shi ne ƙarshe, kuma da gangan na bar shi ƙarshe. Mutane da yawa da shi suke farawa, kuɗi ya ƙare a kwalliya, birki yana nan yadda yake. Kafin ma ka yanke shawarar fesawa, wanke fentin asali ka goge shi da man goge mota, sau da yawa launin na nan a ƙarƙashin daɗaɗɗiyar ƙura. Tsatsar da ke kan ƙarfe mai ƙyalli takan fita in an goga da takardar alminiyom da ɗan ruwa. Masu sha'awar tsofaffin babura a duniya suna daraja fentin kamfani ko ya koɗe, saboda sau ɗaya ake yin sa. Inda tsatsa ta ci sosai, musamman ƙarƙashin madigadin baya, a kankare har ƙarfe ya fito, a shafa fentin share fage, sannan a bi da launi.

Ranar fita ta farko, a sabunta takardu, a san dokar hawa babur ta jihar da ake, a sa hular kwano, a fara da layin unguwa ana gwada birki kafin a hau babban titi. Bayan an dawo a sake bin noti ɗaya bayan ɗaya.

Shawarata ta ƙarshe ga iyaye ce. In za a yi wannan aiki, a jawo yaran gida da suka yi hankali, maza da mata, su riƙe tocila, su miƙo sifana, su rubuta abin da aka cire. Yaron da ya ga an kwance kafireta an mayar ta yi aiki ya koyi cewa abin da ya lalace ana iya gyara shi, ya koyi haƙuri da tsari, wataƙila ma ya samu sana'ar da zai ci abinci da ita. Wanda kuma ba shi da halin gyara a bana, ya juye fetur ɗin tanki, ya ɗiga mai a silinda, ya cire batir, ya ɗaga tayoyi daga ƙasa, ya kai babur inda ruwan sama ba ya taɓa shi. Wannan bai fi aikin awa guda ba, kuma zai sa duk wanda ya zo gyara daga baya ya samu abin gyarawa.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya jiƙan magabatanmu. Sai wani makon in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Taken rufewa)